Ƙuri'a 342 da Ma'aunin da Muke Auna 'Yan Takara da Shi

Ranar 9 ga Maris 2019 aka yi zaɓen gwamna a jihar Sakkwato, hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba, domin tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Ranar 23 ga watan aka koma aka ƙarasa. Da aka haɗa lissafi, Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya tashi da ƙuri'a 512,002, Ahmad Aliyu na APC ya tashi da 511,660. Tazarar 342 ce kacal, cikin ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya. Da mutum 172 daga cikin waɗanda suka dangwala wa lema sun dangwala wa tsintsiya, da wani daban ne ya riƙe gidan gwamnati waɗannan shekaru huɗu. Ɗaurin aure ɗaya a Mabera ko Runjin Sambo yakan tara mutanen da suka fi haka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ma kusan haka aka yi: Atiku Abubakar ya samu 288,679 a jihar, Bola Tinubu ya samu 285,444, tazarar 3,235.

Jihar da ake cin zaɓenta da irin wannan tazara, ƙuri'ar mutum ɗaya a cikinta tana da nauyin da ba ta da shi a wurare da yawa. Duk da haka ana samunta da arha. Amsar da aka saba bayarwa ita ce talauci, kuma akwai gaskiya a ciki, zan zo kanta. Amma ni a ganina akwai abin da ya riga talauci shiga tsakanin mai zaɓe da ƙuri'arsa: yawancinmu ba mu san aikin kujerar da muke tura mutum ya hau ba, saboda haka muke auna ɗan takara da ma'aunin da bai dace da kujerar ba.

Zauna a majalisar dattawan unguwa bayan la'asar, ko kan bencin mai shayi da daddare, a ambaci sunan ɗan majalisar da ke neman komawa. Tambayar farko da za ta fito ita ce, "Mi yay yi muna?" Sai ka saurari amsoshin. Ya zo ta'aziyyar liman da ƙafarsa. Ya biya kuɗin aikin da aka yi wa ɗiyar wane a asibiti. Ya raba gero da sukari da azumi. Ya ba mutum biyu kujerar Makka. In ka je gidansa da safe ba a hana ka shiga. Wani kuma ya ce, "Wancan ko gaisuwa ba ya amsawa, gilashin mota yake ɗagewa." Da wannan an gama shari'a. Duk abubuwan nan halayen kirki ne, addini ya yabe su, al'ada ta yabe su, kuma ba zan ce a raina su ba. Sai dai su ne ma'aunin maƙwabci nagari ko attajirin unguwa. Ba za ka ji wanda ya tambayi ko ɗan majalisar nan ya taɓa buɗe baki lokacin da aka kawo kasafin kuɗin jiha ba, ko kwamitin da yake ciki ya taɓa zuwa ya duba makarantar da aka ce an gyara.

Illar wannan ma'auni tana dawowa kan mai zaɓen ne ta bayan gida. Ɗan majalisar da ya san da rabo kawai za a auna shi, dole ya nemi abin rabon. Albashinsa da alawus ba za su ɗauki layin mutanen da ke ƙofar gidansa kowace safiya ba. Inda kuɗin yake shi ne wajen ɓangaren zartarwa: kwangila, aikin mazaɓa, gurbin ɗaukar aiki. Wanda kake miƙa wa hannu kuwa ba ka iya tsare shi da tambaya. Haka majalisar da aka kafa don ta sa wa gwamna ido take zama mai jiran abin da gwamna zai sammata, kuma mu masu zaɓe muna da hannu a ciki, domin mu muka gaya wa wakilinmu abin da muke so ya kawo.

Rabon aikin a rubuce yake a tsarin mulkin 1999, kuma bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba in an faɗe shi da Hausa. Soja, 'yan sanda, kwastan, kan iyaka, buga kuɗi da darajar naira, duk na gwamnatin tarayya ne. Rufe iyakar Illela ko buɗe ta daga Abuja yake fitowa. Cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa ne ya yi shi. Kwamishinan 'yan sandan jiha yana amsa umarnin sufeto janar ne, ko da yake ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa. Gwamna kuwa shi ke riƙe da kasafin jiha, makarantun sakandare, manyan asibitocin jiha, ruwan famfo, hanyoyin jiha, albashin ma'aikata da fansho, kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannunsa. Ƙaramar hukuma tana da kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan tana da hannu a firamare da ƙananan asibitoci. 'Yan majalisa, wato 30 na jiha da 11 na wakilai da sanatoci uku da Sakkwato ke da su, aikinsu yin doka ne, da amincewa da kasafi, da bin kuɗin don a ga inda ya shiga, da tantance kwamishinoni ko ministoci. Majalisar jiha tana da ikon tsige gwamna idan kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta sun yarda bayan an bi matakan da doka ta shimfiɗa.

Wanda bai san wannan rabo ba, fushinsa da yabonsa duka sukan sauka inda bai kamata ba. Zai hukunta gwamna kan tsadar mai, ya ƙyale shi kan famfon da ya shekara ba ruwa. Zai yabi sanata kan rijiyar burtsatse ɗaya, bai tambaye shi me ya ce ba ranar da aka yi muhawara kan kuɗin tsaro, alhali garuruwan mazaɓarsa ne ke biyan haraji ga 'yan bindiga. Kansila kuwa, wanda shi ne ya fi kusa da kwatar da ta toshe, da yawa ba su san sunansa ba. Ko ikon kiranye ba a cika sanin yana nan ba: idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe za ta tantance sa hannun ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya ƙwarai, amma tana nuna cewa doka ta ɗauki wakili a matsayin ɗan aike wanda ake iya ce wa ya dawo.

Abu na biyu da ke juya yatsan Basakkwace shi ne uban gida. Dubi jerin gwamnoninmu tun dawowar mulkin farar hula. Attahiru Bafarawa ya hau a 1999 ƙarƙashin APP, wadda ta koma ANPP, ya ƙare a DPP. Aliyu Magatakarda Wamakko mataimakinsa ne, suka raba gari, ya ci zaɓe a PDP a 2007, daga baya ya koma APC. Tambuwal ya hau a APC a 2015, ya koma PDP a 2018. Ahmad Aliyu mataimakin Tambuwal ne, ya ƙi binsa, ya tsaya a APC, ya faɗi a 2019, ya ci a 2023. Duk lokacin da babba ya sauya sheƙa, dubban mutane ke binsa a rana ɗaya, ba tare da kowa ya tambayi me ya bambanta manufar gidan da aka bari da wanda aka shiga ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne jam'iyya a wajenmu rumfa ce, mutum ake bi. A jamhuriya ta farko, wanda ya bi NEPU ta Malam Aminu Kano ya san me ya raba shi da NPC ta Sardauna, har ya yarda ya sha ɗauri a kai. Yau da wuya ka samu ɗan jam'iyya a mazaɓa da zai iya faɗa maka abu uku da jam'iyyarsa ta yi alkawari a rubuce.

Biyayya ga uban gida ba wauta ba ce, kuma bai kamata a ɗauke ta haka ba. A inda babu inshorar lafiya mai aiki, babu bashin banki ga ƙaramin manomi, kuma samun aiki sai da takardar wani, uban gida shi ne madogara. Shi za a buga wa waya in an kama yaro, shi zai sa baki a samu gado a asibiti. Mutumin da ya zaɓi wanda uban gidansa ya nuna yana kare igiyar da yake rataye da ita ne. Matsalar ita ce igiyar ba ta kai kowa, kuma da dukiyar kowa ake saƙa ta.

Akwai kuma zaɓen da ake gamawa kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a, wato fidda gwani. Tun ran gini tun ran zane. Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. A 2022, PDP ta yi amfani da daliget uku daga kowace mazaɓa wajen tsayar da ɗan takarar gwamna, APC ta yi amfani da biyar. Ka ga ke nan mutum ɗari bakwai da wani abu a gida ɗaya, dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu a ɗaya gidan, su ne suka tace wa mutum fiye da miliyan biyu waɗanda za su zaɓa a tsakani. Wanda ya rubuta sunayen daliget ɗin nan ya riga ya yi rabin zaɓen. Ga kuɗin fom: naira miliyan 50 na takarar gwamna a APC a shekarar, miliyan 21 a PDP. Malamin makaranta ko likitan da jama'a suka yarda da amanarsa ba shi da wannan kuɗi sai in wani ya saya masa, wanda ya saya masa kuwa yana jiran ranar biya. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta sauko da shekarun ɗan majalisar jiha da na wakilai zuwa 25, amma ba ta sauko da kuɗin shiga ba. Shi ya sa nake ganin matashin da ke son canji zai fi amfani in ya yanki katin jam'iyya ya halarci taron mazaɓarsa ranar da ake zaɓen shugabanni da daliget, maimakon ya jira Asabar ɗin zaɓe ya yi ƙorafin cewa duka 'yan takarar ba na kirki.

Sai gida. A ƙauyuka da yawa da ma cikin birni, mai gida ne ke faɗin inda za a dangwala, matansa da 'ya'yansa su bi. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa suke lissafi da gidaje. Matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, kuma zaɓen 1979 da ya kai Alhaji Shehu Shagari kan mulki shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da suka shiga. Yau layin mata a rumfuna da yawa ya fi na maza tsawo, sun fi haƙurin rana, sun fi cika alkawari. Amma dubi abin da ake zuwar musu da shi: atamfa, sabulu, taliya, magi, ta hannun shugabar mata. Ba a cika tara su a gaya musu me za a yi game da asibitin da ba ungozoma da daddare ba, alhali su ne ke naƙuda a bayan babur kan hanyar zuwa babban asibiti. Matar da ta san cewa ɗaukar ungozoma da ajiye magani a asibitin garinsu aikin gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma ne, tana da tambayar da za ta yi wa mai neman ƙuri'arta, ko da ta karɓi atamfar.

Yanzu ga maganar kuɗi. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa Sakkwato a kan gaba, da kimanin kashi 91 cikin 100. Wanda ya kwana da yunwa aka miƙa masa abin cefanen yini biyu, ba ni da bakin zaginsa. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda cinikin ke tafiya. Kuɗin yakan sauko daga jiha zuwa shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, zuwa na mazaɓa, zuwa mutanen rumfa, kowane mataki yana gutsurar nasa, har abin da ke isa hannun mai zaɓe ya zama ɗan guntun abin da aka fitar. Mutanen rumfa suna da jerin sunaye, sun san gidan kowa. Yawancin kuɗin ba ya sauya ra'ayin kowa, aikinsa ya fito da wanda dama nasu ne amma ba shi da niyyar fita, ko ya zaunar da na abokin hamayya a gida. Tun da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta zo, katin wani ba ya zaɓe a hannunka, domin sai yatsa ko fuska ta dace. Saboda haka in ka ga ana sayen katin zaɓe ko ana karɓarsa da sunan za a ba da tallafi, a yankin da ake tsoron ƙuri'arsa ake yi, don mai katin ya rasa abin zuwa da shi.

Mai saye kuma yana son tabbaci. Hanyoyinsa sanannu ne: a kafa wurin dangwale inda na tsaye a gefe zai hango, a ce mai zaɓe ya ɗaga takardar kafin ya naɗe, a ce ya ɗauki hoto da waya, a raka tsoho ko mace da sunan ba su gani sosai, ko a sa mutum ya rantse. Duk waɗannan in ban da rantsuwar ana iya toshe su a rumfa. An hana shiga wurin dangwale da waya. Wakilin kowace jam'iyya yana da ikon cewa a juya wurin dangwalen ya fuskanci bango tun kafin a fara. Wanda ke buƙatar taimako shi ke zaɓar mai taimaka masa, wakilin jam'iyya ba shi da hurumi a nan. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun ga mai bayarwa da mai karɓa. Rantsuwar ce ta fi wuya, domin mutanenmu suna tsoron Allah, kuma suna ganin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan malamai ke da aiki babba: su fito fili su yi bayanin hukuncin wanda ya sa mayunwaci rantsuwa don ya karɓe masa amanar da ke wuyansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Garin da ya gaji wannan karatu bai kamata ya rasa abin faɗa kan toshiyar da ta juyo daga sama zuwa ƙasa ba.

Addini a zaɓen gwamna a nan ba ya raba 'yan takara, tunda duka Musulmi ne. Inda yake shiga shi ne ta wane malami ya ɗaga hannun wa, da wanda ya gina wa wace ƙungiya masallaci. Uwayen ƙasa da hakimai ana jin maganarsu, amma naɗinsu da albashinsu suna hannun gwamnati, don haka shawararsu a lokacin zaɓe tana buƙatar a auna ta da wannan a zuciya. Batun "namu na" kuwa an gwada shi: daga 1999 zuwa 2023 gabas da tsakiya da kudu kowanne ya ba da gwamna na shekara takwas, kuma adadin talaucin da na ambata bai tsallake yanki ko ɗaya ba.

Babbar jam'iyya a Sakkwato ita ce ta waɗanda ba su fita ba. Masu rajista a 2023 sun haura miliyan biyu. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu tare ba su kai 600,000 ba. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Ahmad Aliyu ya samu 453,661, Sa'idu Umar na PDP ya samu 404,632, jimilla 858,293. Wannan ya gaza abin da manyan biyu suka tara a 2019 da fiye da 165,000, alhali rajista ƙaruwa ta yi. Wani ɓangare na raguwar alheri ne, domin BVAS ta rage aringizo: duk rumfar da ƙuri'unta suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance, sokewa ake yi. Wani ɓangaren kuma ƙarancin takardun kuɗi ne da canjin naira ya jawo a farkon shekarar, lokacin da mutum ke rasa kuɗin motar zuwa garinsu. Akwai waɗanda suka yanke ƙauna. Akwai waɗanda 'yan bangar siyasa suka kora, har aka ce zaɓukan majalisun tarayya na jihar ba su kammala ba a Fabrairu, sai 15 ga Afrilu aka ƙarasa. Sannan ga mutanen Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo da wasu sassan Tangaza da Gudu, waɗanda da yawansu sun bar garuruwan da katinsu ke ɗauke da sunansu. Wannan ne ya fi ci mini rai: mutanen da suka fi kowa buƙatar gwamnati ta ji kukansu su ne muryarsu ta fi raguwa a akwati. Ɗan siyasa kuwa lissafinsa inda ƙuri'a take fitowa yake bi. Wanda ya yi hijira zuwa cikin Sakkwato yana da damar neman a sauya masa rumfa zuwa inda yake zaune, amma sai lokacin da ake rajista, kuma ana rufe ta watanni kafin zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin da ke kai wa 'yan gudun hijira abinci da tabarma ya kamata su haɗa da wannan.

Rediyo har yanzu ita ce babbar makarantar siyasa a karkara, daga gidan rediyon Rima zuwa sashen Hausa na BBC. Filayen siyasa na gidajen rediyon cikin gida kuwa yawanci saye ake yi, sojojin baka su shigo su yabi wanda ya biya su zagi wanda bai biya ba. A waya, saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu tafiya, domin ba ya buƙatar iya karatu, kuma ba a sanin wanda ya fara shi. Muryar da aka ce ta wane ce, ko hoton aikin da aka ce an yi a Wurno alhali daga wata ƙasa aka ɗauko shi, yakan zaga jiha kafin magariba.

Duk wannan karatu akwai shi a darasin zamantakewa da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare: ma'anar ɗan ƙasa, haƙƙi da wajibi, matakan gwamnati uku, rassanta uku, wakilci, bin doka. Yadda ake koyar da shi ne ya kashe shi. Yaro ya haddace da Turanci cewa dimokuraɗiyya mulkin jama'a ce, ya rubuta a jarrabawa, ya fita bai san sunan mazaɓarsa ba. Malamin da ke son darasin ya zauna zai iya sa ɗalibai su zana unguwarsu, su sa alama a kan famfo da kwata da asibiti da turken wuta da ofishin 'yan sanda, su rubuta a gefen kowanne wace gwamnati ce ke da alhakinsa. Zai iya shirya zaɓen shugaban aji da rajista da takardar ƙuri'a da wakilai da ƙirge a bainar kowa. Zai iya kawo shafi ɗaya na kasafin jiha a karanta abin da aka ware wa ƙaramar hukumarsu, a je a duba ko an yi. Tunda kuma yara da yawa a jihar nan ba sa zuwa boko, dole karatun ya bi su islamiyya da zaure da rediyo, da Hausa da Fulatanci. Haraji ma ya shiga ciki: mai albasa da ke yankar rasit a kasuwa, da ɗan acaɓa da ke biyan tikiti, da duk mai sayen katin waya, suna zuba kuɗi a baitulmali. Wanda ya san da kuɗinsa aka yi titi ba zai ɗauke shi kyautar gwamna ba. Hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma a daina naɗa musu kantomomi, ba zai yi amfani ba in mutanen Kware ko Bodinga ba su san nawa ke shigowa duk wata ba, balle su tambayi ciyaman.

Ranar zaɓen kanta tana da nata ilimin, kuma tazarar 342 ta isa ta sa a kula da shi. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya jefa ƙuri'arsa ko da dare zai yi. Lalle mai kauri a yatsa da kantar aikin gona sukan hana na'ura karanta zane, amma wannan ba dalilin komawa gida ba ne, domin ana iya tantancewa da fuska. Takardar da jami'in rumfa ya miƙo a duba bayanta, sai da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Tawada kaɗan ta isa. In ta yi yawa ta malala zuwa gidan wata jam'iyya, ko aka naɗe takardar daga sama zuwa ƙasa tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gida, ana iya jefar da ƙuri'ar cikin lalatattu. A tsaye ake naɗe ta, gefe zuwa gefe. Tsofaffi da yawa ba suna suke nema ba, alama suke nema, takardar kuma doguwa ce cike da alamomi, don haka a nuna musu samfurinta tun a gida.

Bayan an gama, ana zazzage akwati a gaban kowa, a ware, a ƙirga da murya. Jami'in rumfa ya cika fom ɗin sakamako, wato EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, a manna sakamakon a bango, a ɗauki hoton fom ɗin da BVAS a tura shafin hukumar zaɓe na intanet. Daga nan takardar ta tafi cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, sai ƙaramar hukuma, sai jiha. A wannan tafiya ta dare ne alƙaluma suka fi sauya kama, kuma abin da ke kama mai sauyawa shi ne kwafin da ke hannun wakili da hoton da mutanen unguwa suka ɗauka a jikin bango. Wakilin da aka ba kuɗin abinci ya tafi kafin ƙirge, ko ya sa hannu a fom tun ba a cika shi ba, ya bar jam'iyyarsa ba hujjar da za ta kai kotu.